Ci Ba Ƙiba: Ciwon Tayirod Tsakanin Takardar Gwaji da Rayuwar Mai Shi

A Garwa, daga watan Maris zuwa Afrilu, zafi kan haura digiri 40, kuma ba wanda zai ɗauki ƙafa ya je asibiti don kawai yana zufa ko ya kasa barci. Kowa zufar yake yi, kowa a tsakar gida yake kwana. Shi ya sa ciwon da ke sa tayirod yin aiki fiye da kima ya samu maɓoya mai kyau a arewacin Kamaru. Duk alamar da ya zo da ita, mun riga mun tanadar mata bayani. Mace ta rame alhali cin abincinta ya ƙaru, sai a ce ci ba ƙiba, asarar hatsi. In ramar ta yi tsanani a koma raɗe-raɗin sida ko tibi. Ƙirjinta na bugawa, a ce hawan jini ne. Ta zama mai saurin fushi da kuka, a ce kishi ne, ko kuwa iska ce ta taɓa ta. Kowace alama da ƙofar da ake kai ta: wannan wajen mai kantin magani, wannan wajen malam, wannan gaban iyaye a yi sulhu. Da wuya a samu wanda zai tara su wuri guda ya ce a duba wuya.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ɓari biyu dama da hagu na maƙogwaro, nauyinta wajen giram 20 a jikin babba. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗebi aidin, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, daga cikin jini ta haɗa homon iri biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin da jiki ke aiki da shi: bugun zuciya, tafiyar abinci a hanji, ɗumin jiki, har da kaifin tunani. Ba gaban kanta take yi ba. Akwai wata 'yar ƙaramar tsokar a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aiko mata umarni ta wani homon da ake kira TSH. Idan T4 da T3 sun yi kaɗan a jini, sai ta ƙara TSH don a ƙara aiki. Idan sun yi yawa, sai ta janye shi. To nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da takardar da suka karɓo daga labo. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4. Wanda ya ga an rubuta masa 0.01 yakan ɗauka abin kaɗan ne, alhali wannan ƙanƙantar ita ce shaidar cewa homon ya cika jini har ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarni gaba ɗaya, tayirod kuma ba ta fasa ba. Jikin da ke cikin wannan hali tamkar babur ne da aka murɗe wa totur yana tsaye: mai na ƙonewa, inji na zafi, ba a zuwa ko'ina.

Hanyar da ta fi kai mutum ga haka ita ce cutar da likitan Dublin Robert Graves ya bayyana a 1835, Bajamushe Karl von Basedow kuma ya sake bayyana ta a 1840. Takardunmu na asibiti da Faransanci suke, don haka Basedow za ka ga an rubuta, a Garwa ne ko a Njamena. Wanda ya tsallaka Yola ko Maiduguri zai ji ana cewa Graves, cuta ɗaya ce. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta ƙera wasu sinadarai da ke maƙalewa a daidai inda TSH ke maƙalewa, su yi ta zuga tayirod ba dare ba rana. Ta fi kama mata, ninki biyar zuwa goma a kan maza, galibi tsakanin shekara 20 da 50, wato daidai shekarun aure da haihuwa da neman na kai. Tana bin jini a wasu gidaje, kuma ita ce ke fito da ido waje.

Hanya ta biyu ta fi shafar tarihin ƙasarmu. Yankunan da ke nesa da teku sun daɗe da ƙarancin aidin, shi ya sa tsofaffinmu da yawa suka girma da maƙoƙo. Tayirod ɗin da ta yi shekaru tana fama da ƙarancin aidin takan yi ƙulle-ƙulle a ciki, wasu ƙullutan kuma su daina jin umarnin ƙwaƙwalwa. Muddin aidin ba shi da yawa, ba su da abin yin ɓarna. Ranar da ya wadata, sai su shiga zuba homon ba lissafi. Kamaru ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1991, kuma wannan mataki alheri ne babba, domin ƙarancin aidin na dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Sai dai a Zimbabuwe da gabashin Kwango an ga yadda masu wannan ciwo suka ƙaru a shekarun 1990 bayan shigowar gishiri mai aidin, mafi yawansu manya masu tsohon maƙoƙo. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin hujjar guje wa gishirin. Hujja ce ta cewa dattijuwar da ta yi shekara talatin da maƙoƙonta lafiya lau, in ta fara rama da haki, a daina cewa tsufa ne.

Akwai kuma wanda kan zo wa mace cikin watannin farko bayan haihuwa, inda tayirod ke kumburi ta zubar da homon da ta tara. Wannan yakan wuce da kansa, wani lokaci ya juye zuwa ƙarancin homon, kuma maganin da ake ba mai Basedow ba ya yi masa aiki. Maganin zuciya amiodarone ma, wanda aidin ya yi masa yawa, yakan tayar da ciwon.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lambar da ke kan takarda da halin da mai ciwon ke ciki ba tafiya ɗaya suke yi ba, kuma ba gudu ɗaya suke yi ba. Duk wanda bai gane wannan ba, likita ne ko maigida ko uwar miji, zai cuci mara lafiya ko da da kyakkyawar niyya.

Tun a farko ma ba su cika daidaituwa ba. Budurwa mai shekara ashirin da biyar, T4 ɗinta ya ɗan haura kaɗan, amma ta birkice: ba barci, hannu na rawa, gaba na faɗuwa. Dattijo mai shekara saba'in, nasa ya ninka nata, amma ba rawar hannu ba zufa, sai rama da kasala da shiru, har a ɗauka baƙin ciki ne ko ciwon daji. Likitoci sun daɗe da sanin cewa tsofaffi ba su cika nuna alamun ba, kuma su ne zuciyarsu ta fi shiga haɗari. Binciken Framingham na Amurka da aka buga a 1994 ya nuna cewa 'yan shekara 60 zuwa sama waɗanda TSH ɗinsu ya faɗi ƙasa sosai, haɗarin rikicewar bugun zuciya ya ninka musu kusan sau uku cikin shekara goma. Irin wannan rikicewa ce ke daskarar da jini a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ke nan akwai mai wahala da yawa da lamba kaɗan, akwai mai lamba mai ban tsoro da ke cewa lafiyarsa ƙalau. Na biyun ne ya fi ba ni tsoro.

Bayan an fara magani kuma sai rata ta biyu ta buɗe. Carbimazole, wanda a kantunanmu aka fi sani da Néo-Mercazole, da ɗan'uwansa thiamazole, hana ƙera sabon homon suke yi. Ba sa taɓa wanda aka riga aka tara, tayirod kuwa tana ajiye na makonni a cikinta, shi ma T4 da ke yawo a jini sai ya yi kamar mako guda kafin rabinsa ya ƙare. Saboda haka sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin mutum ya ji canji na gaske. Propranolol da ake haɗawa da shi kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu yake kwantar da bugun ƙirji da rawar hannu, amma bai rage homon ɗin da ke fitowa daga wuya ba. Sakamakon a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda muke shan magani. Mara lafiya ya lura ƙwaya ɗaya na aiki nan take, ɗayar kuma kamar ba ta yin komai. Ranar da kuɗi ya gaza sayen biyun, mai aiki nan take zai saya, ya bar wadda ita ce maganin. Minti biyu na bayani a ranar farko zai hana wannan. Mai asma kuma ya faɗa tun kafin a rubuta masa propranolol, domin yana iya toshe masa numfashi.

Shi kansa TSH yana da nawa. Bayan T4 ya dawo daidai, yakan ci gaba da kwanciya a ƙasa na makonni, wani lokaci watanni, kafin ƙwaƙwalwa ta farfaɗo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da kowane gwaji dubban sefa ne, kuma ba kowace cibiyar lafiya ke yin sa ba. Mutumin ƙauye sai ya shigo Garwa ko Marwa ko Ngaundare. Idan kuɗin gwaji ɗaya kawai ake da shi, lokacin neman gano ciwon TSH ne ya fi amfani. Amma a watannin farko na magani, T4 ne ke faɗin gaskiya. Wanda ya bi TSH shi kaɗai a wannan lokaci zai ga har yanzu yana ƙasa, ya ƙara magani, ya tura mara lafiya ɗaya gefen: sanyi, nauyin jiki, kumburin fuska, mantuwa, maƙoƙon ma ya ƙara girma. Sannan akwai waɗanda T4 ɗinsu daidai yake amma T3 ne ya hau, don haka takarda mai T4 kaɗai ba ta wanke kowa.

A ce an tsallake duk wannan, lambobi uku sun dawo cikin layi. An warke ke nan? A Danmak, likita Torquil Watt da abokan aikinsa sun tsara wata takardar tambayoyi mai suna ThyPRO, tambaya 85, daga baya aka taƙaita ta zuwa 39, don auna abin da jini ba ya nunawa: gajiya, fargaba, saurin ɓacin rai, mantuwa, mu'amala da mutane, kwanciyar aure, da yadda mutum ke jin kamanninsa. Da aka bi masu ciwon da ita, binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa wata shida bayan fara magani sun samu sauƙi ƙwarai, amma ba su kamo sauran jama'a ba. Wani na Suwidin da ya fito a 2019 ya bi masu Basedow shekara shida zuwa goma bayan gano ciwon, ya tarar da sauran rata har lokacin. Waɗannan mutane ne da magani ba ya yanke musu, gwaji kuma ba ya cin kuɗin cefanensu.

Dalilan ba boyayyu ba ne. Ciwon yana cin naman jiki, musamman na cinya da kafaɗa, kuma tsoka ba ta dawowa ranar da lamba ta dawo. Sai a hankali, cikin watanni. Ƙashi ma yana zaizayewa. Barcin da ya lalace wata takwas ba ya gyaruwa a mako guda. Ido kuwa nasa tafarkin daban ne: garkuwar jiki na kai wa naman bayan ido hari ko da homon ya daidaita, shi ya sa za ka ga wuya ya lafa amma ido na nan a waje, yana ja, yana hawaye, wani ma yana ganin abu biyu. Taba sigari na ƙara masa tsanani sosai, ƙurar hunturu da hayaƙin murhu kuma na ƙara wa idon da ba ya rufuwa sosai azaba. Tabarau da ɗigon jiƙa ido ba kwalliya ba ne ga irin wannan mutum.

Ba na jin muna bukatar tambaya 85 a asibitocinmu, inda ma'aikaci ɗaya ke ganin layin da ya kai bakin ƙofa. Muna bukatar tambayoyin da suka dace da rayuwarmu. "Hajiya, kina iya miƙewa daga sujada ba tare da kin dafa ƙasa ba?" Wannan tambaya ɗaya ta auna ƙarfin cinya fiye da dogon bayani. "Malam, zare na shiga allura kuwa yanzu?" ga tela ko mai ɗinkin hula. Mai lalle, layinta na miƙewa? Mai tuyar ƙosai, tana iya zaman gaban wuta? Ɗan acaba, yana ganin hanya ɗaya ko biyu in ya waiga? Wanda amsarsa a'a ce, bai koma bakin sana'arsa ba, kuma a gidan da ake cin na yau a yau, wannan shi ne ma'aunin lafiya, komai kyan takarda.

Sai kuma ɓarnar da ba ta jiki ba, wadda ni a ganina ita ce mafi wuyar gyara. Kafin a gano ciwon, mace ta yi watanni tana faɗa da kowa, tana dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, al'adarta ta rikice, wataƙila ta yi ɓari. An yi mata shaidar rashin kunya a dangin miji, an kai ta ruƙiyya, wata ma an ba ta takardarta. Maganin zai kwantar da zuciyarta, amma ba zai je ya goge abin da aka riga aka faɗa a kanta ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yi wa mara lafiya bayani ita kaɗai. A kira maigida, a kira uwar miji in da hali, a ce musu: "Inna, wannan faɗan ba halinta ba ne, ciwo ne, kuma ko bayan an ce jininta ya gyaru sai an yi mata haƙuri na wani lokaci." Jumlar ƙarshen nan ce aka fi mantawa da ita. Da zarar an ji likita ya ce sakamako ya yi kyau, sai a mayar mata da daka da ɗiban ruwa gaba ɗaya, in ta ce ta gaji a ce son jiki ne.

Wani abin lura: a Turai masu ciwon na kukan ƙibar da ke biyo bayan magani, domin sau da yawa nauyi kan dawo har ya zarce na da. A nan kuwa murna ake yi, ana cewa ta murmure, ta yi kyau. Murnar ba laifi, illarta ɗaya ce: ana ɗaukar ta shaidar warkewa, a ajiye magani a wata na uku. Maganin Basedow kuwa na wata 12 zuwa 18 ne, kuma ko an cika shi, kusan rabin mutane ciwon kan dawo musu. Wanda ya yanke a tsakiya, sannan zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa ko tiyata ta same shi, yana iya faɗawa cikin mummunan tashin ciwon, inda jiki ke ɗaukar zafi, zuciya ta yi gudun da ya wuce misali, hankali ya gushe. Ko a manyan asibitocin duniya wannan na kisa. Azumi ma ba hujjar yankewa ba ne: carbimazole ana iya shan sa sau ɗaya a rana, da sahur ko bayan buɗa baki. Wanda ciwonsa bai lafa ba tukuna, musamman in azumi ya faɗo cikin bazara, ya tambayi likita kafin ya ɗauka; addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya fi muhimmanci a ƙasar sauro fiye da ko'ina. A cikin kowane mutum dubu da ke shan waɗannan magunguna, 'yan ƙalilan, kamar biyu zuwa biyar, fararen ƙwayoyin jininsu kan faɗi warwas, galibi a wata ukun farko. Alamarsa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. Mu kuwa duk zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma maganinsa na nan a teburin bakin titi. Mai shan carbimazole da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya dakatar da ƙwayar, ya je a ƙirga masa ƙwayoyin jini a ranar, gwajin da takardunmu ke rubutawa NFS, wanda kusan kowane asibitin gunduma ke yi. Haka idan ido ya yi ruwan ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, hanta ce ke magana. Mace mai neman ciki ko wadda ta ga batan wata kuma ta faɗa da wuri, domin a wata ukun farko an fi son a mayar da ita kan propylthiouracil, saboda carbimazole na iya yi wa halittar jariri lahani. Barin ciwon ba magani ma haɗari ne gare su duka biyu: ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jinin masu ciki.

Idan ciwon ya dawo, ko kuwa tun asali na ƙullutai ne, wanda ƙwaya ke dannewa amma ba ta kawar da shi, littattafai sun ba da hanya biyu. Ɗaya ita ce aidin na nukiliya, wanda Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston a 1941: a sha sau ɗaya, tayirod ta zuƙe shi, ya ƙone ta daga ciki. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, yana iya tsananta ciwon ido, kuma ga mutumin arewa yana nufin mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki, da jiran ranar da maganin zai samu. Ɗayar ita ce tiyata, wadda ke bukatar a fara daidaita homon, da kuma hannun da ya saba, domin jijiyar murya da wasu 'yan tsokoki huɗu masu kula da sinadarin kalsiyam suna manne da wurin.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, duka hanyoyin biyu galibi musanya ce: an raba ka da homon mai yawa, an bar ka da ƙarancinsa, za ka sha levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin homon, kowace safiya har ƙarshen rayuwa, da gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga ma'aikaci a Garwa wannan ciniki ne mai kyau, ƙwayar ba ta da wahalar sha kuma ta fi ciwon sauƙin sarrafawa. Ga matar da ke wani ƙauye a bayan Mokolo ko Yaguwa, wadda damina kan yanke wa hanya, lissafin daban ne, domin wadda aka cire wa tayirod in ta yi watanni ba ƙwaya, jikinta zai yi ta mutuwa a hankali. Shi ya sa likitoci da dama a duniya yanzu ke yarda da hanya ta uku ga wasu masu Basedow: a ci gaba da ɗan ƙaramin awo na carbimazole na shekaru, ana dubawa lokaci-lokaci. Kafin a zaɓa wa mutum ɗaya daga cikin ukun, a tambaye shi nisan gidansa da kantin magani mafi kusa, da wanda zai riƙa biya, da ko akwai niyyar haihuwa nan da shekara biyu.